Ƙarfin Iska a Gona: Abin da Ya Kamata Manomi da Mai Fili Su Sani

Iska tana iya jawo ruwa daga rijiya, tana kuma iya ba da wutar lantarki, muddin an kafa mata injin da zai tare ta. Injinan iri biyu ne. Na farko shi ne famfon iska, mai fukafukai da yawa a jere kamar faifai, a kan doguwar hasumiyar ƙarfe. Yana juyawa a hankali amma da ƙarfi, yana ɗaga sandar famfo yana sauke ta cikin rijiya. Na biyu fukafukansa uku ne sirara, yana juyawa da sauri, yana tuƙa janareta.

Famfon iska ya daɗe yana yi wa manoma bauta. A shekarar 1854 wani Ba'amurke mai suna Daniel Halladay ya ƙera irin wanda ke kula da kansa ba tare da mai tsaro ba, kuma da irinsa aka shayar da garkunan shanu a busassun filayen yammacin Amurka. Har gobe ana ganinsa a makiyayun Ostareliya da Afirka ta Kudu da Namibiya. A bayansa akwai wutsiya wadda ke juya fuskarsa zuwa inda iska take fitowa. Idan hadari ya taso da guguwa, sai fuskar ta kauce gefe don kada fukafukan su kakkarye. Kulawarsa ba ta da yawa: a zuba masa mai, a ɗaure notocin da suka kwance, a sake fatar famfo idan ta cinye. Amma wannan 'yar kulawar ita ce ransa, domin ƙurar hunturu tana shiga duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Famfo da yawa sun mutu a ƙauyuka ne saboda ba a ɗora wa kowa alhakinsu ba, kowa yana cewa na gwamnati ne.

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, wajibi ne a auna iskar wurin. Dalili kuwa shi ne, idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yana ninkawa sau takwas. Saboda haka gona biyu a gari ɗaya, ɗaya a kan tudu ɗaya a kwari, suna iya bambanta nesa ba kusa ba. Yawancin injinan lantarki ba sa fara aiki sai iska ta kai gudun mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa. Masana suna son a kafa ma'auni ya shekara cur yana aiki, kuma a ɗaga fukafukan su zarce kowace bishiya ko gini da ke kusa da kamar mita 9, domin iskar da ta bugi kuka ko tsamiya a hargitse take isowa. Kaɗawar rawani a bakin kasuwa ba awo ba ce.

A Nijeriya, iska ta fi ƙarfi a can ƙuryar Arewa, wajen Sakkwato da Katsina da Kano, da kuma tsaunukan Jos. An yi sa'a, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas daidai lokacin noman rani, sa'ad da aka fi bukatar ruwa. Sai dai ba ta da alkawari, tana iya kwantawa kwana biyu ko uku. Don haka famfon iska ba ya rabuwa da babban tanki. Ruwansa zai ishi gida da mashayar dabbobi da ɗan lambun albasa ko tumatir, amma wanda ya ce zai shayar da kadada goma ta alkama da shi ya yaudari kansa. Ƙaramin injin lantarki kuma ya fi amfani idan an haɗa shi da faifan sola da batir, tunda iska kan taso da dare lokacin da babu rana.

Hanya ta biyu da mai gona ke cin moriyar iska ita ce ba da hayar fili ga kamfanin da zai kafa manyan injina. Gindin kowane inji da hanyar zuwa wurinsa kaɗai suke cin ƙasa, saura kuwa ana ci gaba da noma da kiwo. A jihar Iowa ta Amurka, fiye da rabin wutar da ake samarwa daga iska take fitowa, kuma injinan a tsakiyar gonakin masara suke tsaye, manomi yana girbi yana karɓar kuɗin haya.

A nan ne ake bukatar buɗe ido. Tashar iska ta Lambar Rimi a jihar Katsina, mai injina 37 da ƙarfin megawat 10, an faro ta tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta kuma kwashe fiye da shekara goma ba ta kammalu ba. Sace wani injiniya Bafaranshe a Rimi cikin Disambar 2012 ya ƙara tsayar da aikin. Irin wannan jinkiri yana nuna cewa mai fili ya nemi biya ya soma daga ranar da aka killace masa gona, kada ya yarda sai ranar da wuta ta fara fita. A Kenya kuma, tashar tafkin Turkana mai injina 365 ta ci karo da makiyayan yankin, har wata kotu a Meru ta yanke hukunci a 2021 cewa ba a bi doka ba wajen mallakar filin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma idan hukuma ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine ake biya. Haya kuwa ciniki ne, ana tayawa ana sallamawa. Irin wannan yarjejeniya takan kai shekara 20 zuwa 30, wato za ta iya wuce wanda ya sa hannu ta tarar da magadansa. Ya kamata takardar ta faɗi wanda zai biya ɓarnar shuka lokacin gini, da matsayin burtali da mashaya, da wanda zai tone kankaren gindin inji idan wa'adi ya cika. Gonar gado ba a ba da ita sai da yardar duk masu haƙƙi, har da mata da marayu.

Ana kira ga masu filaye da kada su dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta musu da Hausa ba, a gaban dagaci da shaidu, kuma kowa ya riƙe kwafinsa.