Daga Kaulaha a Zarce Gore: Shawara ga Mai Neman Hutun Kwana Biyu

Wani malamin makaranta daga Kibiya ya aiko mini da tambaya. Shi da maiɗakinsa sun jima suna zubin adashi don su je ziyara Kaulaha, kuɗin ya kusa haɗuwa, hutun da zai samu a wurin aiki kuwa bai fi mako guda da 'yan kwanaki ba. Hajiya ta ce tun da Allah ya sa za a fita, ita kam ba za ta dawo ba ta ga teku ba. Shi kuma tsoronsa kada ganin tekun ya cinye guzurin. Yana so ya ji ko akwai inda za su huta kwana biyu ba tare da sun faɗa hannun manyan otal-otal na Turawa ba.

Malam, akwai, sunansa Gore. Ɗan tsibiri ne a gaban birnin Dakar, tafiyar kamar minti 20 a jirgin ruwa. Kuma a wannan magana Hajiya ta fi ka gaskiya. Babban filin jirgin saman Senegal na yanzu, wanda aka buɗe a Disambar 2017, yana Diass ne, kimanin kilomita 50 daga Dakar, kuma mai zuwa Kaulaha daga can ba ya shiga birnin ko kaɗan. Shi ya sa mutanenmu da yawa suke zuwa su dawo, sun ziyarci Shehu Ibrahim Inyass a Madina Baye, sun raya dare da zikiri, amma teku sai dai ta tagar jirgi. Kuɗin tikiti shi ne babban nauyin tafiyar, shi kuma ko da hutu ko babu sai an biya shi. Abin da kwana biyu za su ƙara a kai bai taka kara ya karya ba, muddin an tsara tun daga gida.

A fara da ziyara, hutu ya biyo baya. Kaulaha gari ne mai zafi da cunkoso, barci kuma ba ya samuwa yadda ake so. Wanda ya fito daga can da gajiya shi zai san daɗin iskar Gore.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa bai kai rabin haka ba, mazaunansa ba su cika dubu biyu ba. Ruwan dam ɗin Tiga da ke maƙwabtaka da ku zai haɗiye shi sau ɗaruruwa. Babu mota, babu hon, lungunan ƙasa ne da yashi, gidajen kuma tsofaffi ne masu fentin ja da ruwan ƙwai, furanni na leƙowa ta saman katanga. Cikin sa'a biyu ko uku ka zaga ko'ina da ƙafa. Wannan ƙanƙantar ita ke yaudarar mutane, su shigo da hantsi su fita da la'asar, su ce sun ga Gore. Abin da suka gani shi ne cincirindon baƙi 'yan'uwansu, da masu talla, da masu ja-gora suna ɗaga murya cikin Faransanci.

Shawarata da ta fi kowace muhimmanci ita ce ku kwana a can, ko da dare ɗaya ne, in da hali biyu. Da zarar jiragen yamma sun kwashe masu yawon yini, garin yakan koma hannun masu shi. Yara su fito ƙwallo a filin tsakiyar gari, mata su zauna ƙofar gida, samari su ɗora butar shayi a kan gawayi, irin shayin nan na zagaye uku da ba a yi masa gaggawa. Masallacin garin yana gindin tudun da ake kira Kastel, dab da ruwa, ginin dutse ne tun ƙarshen ƙarni na 19, yana cikin tsofaffin masallatan ƙasar. Malikawa ne kamar mu, ba za ka ga baƙon abu a sallarsu ba. Ka yi Asuba a can, kana sahu kana jin igiyar ruwa tana dukan duwatsun da ke bayan bango. Masauki kuwa yawanci gidajen mutane ne da aka ware wa baƙi 'yan ɗakuna. Ɗakunan ba su da yawa, don haka a kama tun kafin a bar gida, a kuma tambaya ko da banɗaki a ciki da gidan sauro, kada Hajiya ta tarar da banɗakin haɗaka da baƙin maza.

Batun lokaci yana buƙatar tunani. A 'yan shekarun nan Maulidi yana faɗowa cikin damina, daidai lokacin da manomin Rano ko Kibiya yake tsakiyar aikin gona, kuma su ma can damina ce, daga Yuli zuwa Oktoba, da zufa da ruwa. Idan taron Maulidin ne ya kai ku, to shi ke nan, sai a riƙe lema a jure. Idan kuwa ziyara ce kawai, hutun makaranta na Disamba ya fi dacewa da ku. An gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, Dakar kuma ta yi sanyi mai daɗi wanda yakan kai har wajen Afrilu. A sa rigar sanyi a jaka, iskar teku da dare tana ratsa shadda. Illar Disamba ɗaya ce: lokacin Turawa ne, masauki yana tsada daga wajen Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Kuma don Allah kada a zubar da buhunan dawa da gyaɗa a farashin kaka saboda tikiti. Adashin ya yi aikinsa.

Takardu ba su da wahala. Najeriya da Senegal duk suna cikin ECOWAS, don haka babu biza har kwana 90. Fasfo dai ya zama yana da sauran wata shida ko fiye, wanda kuma zai yi sabo ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da abin da ke kan NIN kafin ya nufi ofishin shige-da-fice na Farm Centre, domin harafi ɗaya kan jawo zirga-zirga tsakanin Kibiya da Kano. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda dole a yi allurarsa aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Sau ɗaya ake yin ta, ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Hanyar mota ta Nijar da Burkina Faso da Mali, wadda iyayenmu suka sha bi, ban ba ka shawararta da iyali a wannan zamani ba: ga rashin tsaro, ga shi ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga hutunka gajere. Jirgi ta Legas ko Abuja za ku bi, wasu suna yada zango a Lome ko Abidjan. A duba tsawon zangon da kyau, tikiti mai araha wani lokaci kwanan filin jirgi ne.

Kuɗi kuma, a nan ake yawan tafka kuskure a kasuwar 'yan canji ta Wapa. Sefa iri biyu ce. Wadda ake kashewa a Nijar da Benin da Togo ita ce ta Senegal, kana iya ganin BCEAO a jikin takardar. Ta Kamaru da Chadi daban ce, darajarsu ɗaya amma mai shago a Dakar ba zai karɓe ta ba. Ka duba kowace takarda a gaban ɗan canji. Wanda ya riƙe yuro ma bai yi asara ba, domin sefa a ɗaure take da shi, yuro ɗaya kusan sefa 656 kullum. Kada ka dogara da katin banki na naira, kuma ka shiga tsibirin da tsabar kuɗi masu ƙananan canji. Wajen ciniki ka miƙa wa mai kaya waya ya rubuta maka lambar, saboda a bakin 'yan kasuwarsu lissafin da biyar-biyar yake tafiya, irin na dala da mutanen Maraɗi suke yi. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, ka sayi mahaɗin caja tun a Kano. Agogonsu yana bayan namu da sa'a ɗaya. Wanda yake jin Fulatanci zai samu masu fahimtarsa jefi-jefi, duk da karin harshen ya bambanta, Larabcin makarantar ilimi ma yana fitar da mutum kunya a tsakanin almajirai.

Daga Kaulaha zuwa Dakar kusan kilomita 190 ne. A taso da sassafe don a riga cunkoson shiga birni. Tashar jirgin Gore tana bakin tashar jiragen ruwa ta Dakar, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Farashin tikiti hawa-hawa ne: na 'yan ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na baƙin wajen nahiya ya fi tsada. Ka nuna fasfonka a ba ka na ɗan Afirka, tikitin kuma na zuwa da dawowa ne, a adana shi. In an sauka akwai ɗan harajin gari da baƙo ke biya. Na san mutanenmu suna da fargabar ruwa, kuma da dalili, ba mu manta kwale-kwalen Bagwai na Nuwambar 2021 ba, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya a hanyar Maulidi. Wannan babban jirgi ne mai inji da kujeru da jadawali, shi 'yan makaranta da ma'aikata suke hawa kullum. Abin da na hana shi ne shiga kwale-kwalen masunta don an makara ko don an ce ya fi araha.

Tun a cikin jirgi wata mata mai fara'a za ta zauna kusa da Hajiya, ta gaya mata sunanta, ta ce kada a manta da ita. Mai shagon tsaraba ce, kuma za ta gane ku ko bayan sa'a biyar. A amsa gaisuwa da sakin fuska, amma kada a yi alkawari. Jirgi na matsowa gaɓa za ku ga yara suna iyo a gefensa, suna jiran a jefa kwabo su nutsa su cafko shi. A gefen nan ne ɗan bakin ruwan wanka yake, kuma gara in faɗa maka tun yanzu, Malam, za ka ga Turawa da shigar wankansu, wasu gidajen abincin bakin ruwa kuma suna sayar da giya. A kau da kai a wuce ciki, inda 'yan gari suke cin nasu.

Wurin da kowa ke zuwa dominsa shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776. Ana rufe shi ranar Litinin, ana kuma tashi hutun tsakar rana, sai a tsara da haka. A sama ɗakunan masu gida ne, matakala biyu masu lanƙwasa suna hawa can. A ƙasa kuwa ƙananan ɗakuna ne masu duhu da danshi, an rubuta na maza, na mata, na yara, da wani ɗan kurkuku a ƙarƙashin matakala wanda mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Daga tsakiya wani siririn lungu ya miƙe zuwa wata ƙofa da babu komai bayanta sai teku. Mandela ya tsaya a nan a 1991, Obama a 2013, UNESCO kuma ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Masu ja-gora za su ambaci miliyoyin bayi. Masana tarihi da yawa suna ganin waɗanda suka fita ta Gore ba su kai kusa da haka ba, manyan ƙofofin cinikin su ne irin su Wida da Legas da Bonny da Luwanda. Ta gaɓarmu ce aka kwashi Hausawan da suka tayar wa iyayen gijinsu a Bahiya ta Brazil a farkon ƙarni na 19. A ganina wannan saɓani bai rage wa gidan nauyi ba, kuma ɗan ƙasar Kano da ya san kakanninsa sun yi zamanin rinji da cinikin bayi a kasuwar Kurmi bai kamata ya tsaya a ƙofar nan yana jin laifin na Bature ne shi kaɗai ba. A shiga da natsuwa, ba wurin ɗaukar hoto ana washe baki ba ne.

A matsayinka na malami akwai ginin da zai fi jan hankalinka. Makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna a Gore daga 1913 zuwa 1938, a nan Faransa ta horar da 'yan bokon yankin, cikinsu har da Houphouët-Boigny na Kodibuwa, da Modibo Keita na Mali, da Boubou Hama da Diori Hamani na Nijar. Blaise Diagne da filin jirgin saman Diass ke ɗauke da sunansa ma haifaffen tsibirin ne, a 1872. Har yau akwai makarantar kwana ta 'yan mata mai sunan marubuciya Mariama Ba, wadda sai masu hazaƙa ake ɗauka. Da la'asar sai a hau Kastel ta hanyar da bishiyoyin kuka suka jeru, masu zane sun rataye kayansu a gefe, wasu suna zane da yashi kala-kala a gabanka. A sama akwai manyan bindigogin igwa na Faransawa da suka yi tsatsa, daga can kuma ana hango Dakar gaba ɗayanta.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Cebu jen dafa-dukar shinkafa ce da kifi da kayan lambu, yasa kuma kaza ce ko kifi cikin albasa da lemon tsami, mafe miyar gyaɗa ce, zobo ma yana nan ko'ina. Komai na tsibirin daga Dakar ake hauro da shi, don haka ya fi tsada. A shigo da ruwan roba da burodi da kayan shayi, ɗan yajin gida da kilishi ma ba laifi. Tsarabar 'yan gida, atamfa da carbi da turare, a bar ta sai kasuwannin Dakar ko Kaulaha.

Ranar komawa kada a yi ganganci. Tsakanin jirgin ruwa da cunkoson Dakar da kilomita 50 na hanyar filin jirgi, rabin yini yana iya tafiya. Idan jirgin samanku na safe ne, ku baro tsibirin tun jajibiri ku kwana a Dakar ko kusa da Diass. Ku ɗauki hoton jadawalin jirgin ruwan a tasha ranar da kuka shiga, domin na ranar Lahadi da ranakun hutu ya bambanta da na sauran kwanaki.