Ajiyar Goro: Yadda Sabo Ke Zama Daushe

Darasinmu na yau a kan ajiyar goro ne. Ba mu noma goro a gonakinmu na Gaya, amma ba a suna ko ɗaurin aure sai da shi. Daga kurmin Kodebuwa da Gana da kudancin Najeriya ake kawo mana shi. A zamanin kakanni fatake ne ke ɗauko shi daga Gwanja a kan jakuna. A yau motoci ke shigowa da shi ta gadar Malanbil ko ta hanyar Kamba.

Amfanin ajiya

Sabon goro yana da ruwa da yawa. Yana da yauƙi da bauri a baki. Idan ya yi watanni a ajiye cikin kulawa, sai yauƙin ya ragu, ɗacin ya daidaita, gardi ya fito. Shi ne mu ke kira daushe.

Amfani na biyu shi ne kuɗi. Sabon goro ya fi yawa daga Oktoba zuwa Disamba, a lokacin kuwa yana da araha. Bayan wasu watanni sai ya yi ƙaranci, daushe ya yi daraja. Wanda ya iya ajiya ya ci riba. Wanda bai iya ba, jarinsa ya ruɓe a cikin huhu.

Sirrin ajiya shi ne laima daidai

A ƙasar Kuba ana naɗa wata taba mai kauri da ganyenta. Masu shan ta suna ajiye ta a cikin akwatin katako, inda laimar iska ke tsayawa wajen kashi 70 cikin 100, don kada ta bushe, kada kuma ta yi funfuna. Taba dai cuta ce ga huhun mutum, ko sabuwa ko tsohuwa, ba mu kuwa yaba ta ba. Amma dabarar ajiyar ɗaya ce da ta goro. Huhun goro da ganyensa su ne akwatinmu.

A nan Gaya muna da lokuta 3, kowane da haɗarinsa. Da hunturu iska na busar da goro, ya yanƙwane. Da bazara zafi na sa shi gumi, ya lalace. Da damina kuwa, da ya ke yankinmu ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, laima kan yi yawa, goro ya yi funfuna ko ya tsiro.

Yadda za mu yi

1. Mu zaɓi goro mai lafiya. Mu ware mai tabo, da fasasshe, da mai huji.

2. Mu shimfiɗa ɗanyen ganyen fita a cikin kwando ko tukunyar ƙasa. Mu jera goro, mu rufe shi da ganye, sa'an nan mu lulluɓe da algarara.

3. Mu ajiye shi a ɗaki mai sanyi da inuwa, a bisa katako, nesa da murhu da kananzir da takin zamani.

4. Da hunturu mu riƙa yayyafa ruwa kaɗan a kan algarara. Kada mu jiƙa goron sharkaf. Da damina mu rage yayyafi, mu bar iska ta shiga.

5. Mu buɗe sau ɗaya a mako a watannin farko. Mu juya shi, mu sake ganyen da ya bushe ko ya ruɓe. Idan mun sa leda, mu share gumin da ya taru a cikinta.

6. Mu fitar da duk wanda sankara ta kama. Ƙwaro ne ke shiga cikin goro yana ci, yana kuma yaɗuwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Gargaɗi game da lafiya

Wasu suna zuba maganin ƙwari a cikin huhu don kashe sankara. Wannan babban kuskure ne. Goro ba a dafa shi, ɗanye mu ke ci, guba kuwa sai ta bi shi har cikinmu. Maganin nan da aka sani da Gamalin yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina aiki da su tun 2009. Tsabta da yawan dubawa su ne rigakafin da ba ya cutarwa.

Kada mu ci goro mai funfuna, kada kuma mu sayar wa wani. Mu wanke goro da ruwa mai tsabta kafin mu ci.

Daushe ma goro ne, yana da sinadarin da ke cikin kofi, mai hana barci da sa bugun zuciya. Mai hawan jini, da mai gyambon ciki, da mace mai juna biyu, su rage ci, su nemi shawarar likita.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin sabon goro da daushe?
2. Me za mu yi wa huhu da hunturu?
3. Don me ba a zuba maganin ƙwari a kan goro?

Mu tattauna amsoshin a aji tare da malaminmu, mu kuma karanta wa waɗanda ba su zo ba.