Me ke sa faffaɗar taya ta riƙa gugar mota?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya sa wa motarsa faffaɗan rim da tayoyi a baya, yanzu da ya ɗauki mutane ko ya faɗa rami sai ya ji ƙarar guga. Yana tambaya mene ne dalili.

To malam, faɗi kaɗai ba shi ne matsalar ba. Duba bayan rim ɗin, za ka ga an buga ET da lamba. Lambar nan milimita ce, ita ke nuna ko rim zai zauna can ciki ko zai turo waje. In ka tashi daga rim mai inci 7 zuwa mai inci 8 kuma ET bai canza ba, an ƙara kusan milimita 13 ta ciki, 13 ta waje. Ta ciki taya na iya taɓa shokozoba ko tiyon burki, ta waje kuma bakin madigadi ya riƙa yankar gefenta. Wannan na biyun ke fasa taya ana cikin gudu, don Allah kada ka raina shi.

Kada a auna mota tana kan jak, domin tayar a rataye take. A sauke ta, a loda mata mutane da kaya, bakanike ya zura yatsa ko'ina, ya nemi wurin da fenti ya goge.

Wasu kan sa faifan ƙarfe don turo rim waje. Yana raba taya da shokozoba, amma yana ƙara wa boris nauyi, kuma sau da yawa sai an sa dogayen kusoshi. Ni dai shawarata, ka nemi rim mai ET da ya dace da motarka.