Kafin Ka Ɗora Dalma

Jikana, an ce min kawunka ya aiko maka da ɗan kan jirgin ƙasa na wasa daga Ingila, har da dogonsa da wata 'yar dikoda da ba ta fi kan babban yatsa ba, kuma tun jiya kake neman aron ƙarfen narka dalma. Na ji daɗi ƙwarai. Ban manta lokacin da kake zama a gindin rumbu kana fere karan dawa kana haɗa taragu ba. Amma zauna tukuna, ka ji ta bakin wanda ya tsufa yana gyaran rediyo a kasuwar Dambatta.

Ka fara sanin aikin abin. A tsohon tsari, in ka ƙara wuta a dogo, duk jirgin da ke kai sai ya tashi, kamar tumaki sun ji buɗe ƙofa. A tsarin da suke kira DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya assasa, wuta tana kan dogo kullum, umarni kuma yana tafiya a cikinta. Kowane kan jirgi da lambarsa, ba ya motsawa sai an kira shi, kamar yaro a tsakar gida. Dikodar da za ka sa a cikinsa ce ke jin kiran, sabuwa kuma da lamba 3 take zuwa.

A jikin dikodar, wayoyi huɗu ne ginshiƙi. Ja da baƙa suna zuwa wajen ƙafafun da ke ɗebo wuta daga dogo, mai ruwan goro da mai ruwan toka kuma wajen injin. Wannan kowa zai iya haddacewa.

Inda ake asara shi ne nan: a tsofaffin jirage, sau da yawa baki ɗaya na injin yana manne da ƙarfen jikin jirgin, jikin kuma yana shan wutar dogo. In ba ka raba su ba, da ka kunna, wutar dogo za ta shiga dikodar ta ƙofar fita, ka ji ƙauri, shi ke nan. Ido ba ya ganin wannan mannewar, sai mita. Ka cire tsofaffin wayoyin, ka ɗora tsinken mitar ɗaya a bakin injin, ɗaya a ƙafar jirgin. In ta yi kuka, da sauran aiki. Ka sa salatif, ka sake gwadawa, bakin farko da na biyu, har ta yi shiru. Ina saurayi na taɓa ƙona rediyon wani dattijo don na ƙi yin gwajin minti biyu, kuma har yau ina tuna yadda ya naɗe ta a buhu bai ce min komai ba. Sauri ya haifi nawa, jikana.

Dalma kaɗan ta isa, kada ka daɗe da ƙarfe a kan waya. Ka fara gwada jirgin a guntun dogo mai ƙaramar wuta kafin ka mayar da murfi.

Jirgin ƙasa na gaske kuwa ya iso Kano a 1911, ga shi yanzu ana shimfiɗa dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura. Zai buƙaci hannuwa masu natsuwa, kuma ina yi maka fatan kana ciki.

Ka fara taya babanka ɗaure damman gero. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka zo da jirgin, mitata tana nan cikin akwati. Allah ya yi maka albarka.