Wane Kifi Ake Haɗawa da Wane a Tafki Ɗaya?

Masu ajiye halittun teku a akwatin gilashi a Turai da Amurka ba sa sayen tauraron teku, halittar nan da yawanci ke da hannuwa biyar, sai sun bincika ko zai bar murjaninsu ya rayu. Irin da ake kira Linckia da Fromia ba ruwansu da murjani. Protoreaster kuwa, duk da kyansa, hawa murjanin yake ya cinye namansa. Wani mai ƙaya, Acanthaster, tun shekarun 1960 yake ɓarna a murjanin gaɓar Ostireliya.

Diffa ba ta da teku, amma mai kiwon kifi a bakin Komadugu irin wannan tambaya ce a gabansa. Bayan hana kamun kifi da aka yi a yankin a 2015 saboda rashin tsaro, kafin a ɗage a 2019, kiwon kifi ya ƙara shiga ran jama'a. Matsalar ita ce, idan ambaliya ta janye ta bar kududdufai, mutum yakan ɗebo duk abin da koma ta kamo ya juye a tafkinsa. Ranar kwasa sai ya tarar da 'yan ƙatti kaɗan, sauran babu labari, ya ɗora laifin a kan ɓarayi. Sau da yawa ɓarawon yana cikin ruwan.

Giwan ruwa da tsage ba na ƙaramin tafki ba ne, kifi suke ci tun suna ƙanana. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka; zuwa shekarun 1980 ya mamaye ruwan, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin iri 200 na ƙananan kifayen wurin sun ɓace. Abin da ya gagari tafki mafi girma a Afirka, ramin da aka haƙa a gefen gonar tattasai ba zai ɗauke shi ba.

Gaiwa ta fi su wayo. Da rani takan shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana jira. Mai tafki ya ga ƙasa ta bushe har ta dare, ya cika ruwa, ya zuba 'ya'yan kifi, ashe abinci ya kai mata. Don haka kafin a zuba ruwa a tone gindin tafkin, a bar shi ya sha rana, a barbaɗa farar ƙasa, sannan a ɗaura raga mai ƙananan idanu a bakin bututun da ke jawo ruwa daga kogi.

Sha'anin tarwaɗa ne ke buƙatar lissafi. Tana girma da wuri, tana jure ƙarancin ruwa, ga kasuwa idan an yi bandarta. Amma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, har 'yan uwanta. Cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, wasu kan zarce saura girma su koma cinsu, shi ya sa ake tace su duk mako ɗaya ko biyu, manya gefe, ƙanana gefe. Wannan haɗamar kuma tana da rana. Ƙarfasa tana fara haihuwa tun ba ta kai girman sayarwa ba, uwar tana renon ƙwai a bakinta, kafin a ankara tafki ya cika da ƙananan da ba sa girma. Tarwaɗa kaɗan a cikinsu takan rage 'ya'yan, manyan su samu abinci. Sharaɗin shi ne ƙarfasa ta riga shiga, ta yi girman da ya fi bakin tarwaɗar.

Bargi dai ba shi da rigima. Ƙananan halittun ruwa da abin da ke cikin laka yake tacewa, yana zama da ƙarfasa lafiya.

Sabon kifi, ko na kogi ko na saye, a keɓe shi a wani mazubi kamar mako biyu, a duba ko yana da gyambo ko yana goga jiki a bango. Wanda ba a gane irinsa ba, a nuna wa tsohon masunci ko ma'aikatan kula da kamun kifi na Diffa kafin ya shiga tafki.