Yadda Ake Ajiye Ruwan Gishiri Domin Kifin Teku

A shekarar 1930 aka buɗe gidan kallon kifaye na Shedd a birnin Shikago na ƙasar Amurka. Birnin yana bakin wani ƙaton tabki, amma ruwansa ba na gishiri ba ne, kifin teku kuwa ba ya rayuwa a irinsa. Dole masu gidan suka tura tankunan jirgin ƙasa guda 20 zuwa Key West a jihar Filorida. Sau 8 suka yi kai da komo, suka kwaso ruwan teku kusan lita miliyan 3 da dubu 800.

Yanzu an huta da wannan wahala. Tun cikin shekarun 1960 aka fara sayar da garin gishiri na musamman, irin su Instant Ocean, wanda ake narkawa a ruwa ya koma tamkar na teku. Da shi manyan gidajen kallo da yawa suke aiki, da shi kuma masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi suke aiki a ɗakunansu.

Me ya sa suke buƙatar ruwan a kai a kai? Kifi yana ci, yana kashi a cikin ruwan da yake zaune. Dattin yana taruwa, sinadaran da murjanin teku da ake kiwo tare da kifin yake sha don ya girma kuma suna raguwa. Saboda haka masu kiwo sukan kwashe kamar kashi 10 cikin 100 na ruwan akwatin duk mako, su zuba sabo. Mai akwatin lita 200 ke nan yana neman lita 20 kowane mako. Mai dabara yakan haɗa da yawa ya ajiye, domin ranar da kifi ya mutu cikin dare ya ɓata ruwa, ba a samun sukunin tsayawa awo.

Gishirin miya ba ya wannan aiki. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam, waɗanda gishirin girki bai tanada ba. Ruwan famfo ma sai an tace, don kulorin da ake zuba masa yana kashe kifi.

Awon yana da sauƙin riƙewa: kusan giram 35 na gishiri a kowace lita. Ruwa ake fara zubawa a mazubi, sannan a riƙa barbaɗa gishirin kaɗan-kaɗan. Wanda ya juye gishiri tukuna ya kwara masa ruwa zai ga ruwan ya yi fari fat, wani gari kamar alli ya kwanta a ƙasa. Kalsiyam ɗin ne ya daskare, kuma ba zai sake narkewa ba. Bayan an zuba, sai a sa ƙaramin famfon lantarki ya yi ta juya ruwan na wasu awanni har ya washe.

A wajen mazubi mutane suka fi yin ganganci. Duron roba ko jarka da aka yi domin abinci ko ruwan sha ake nema, irin mai alamar lamba 2 a gindi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko sabulu, ko maganin feshi, an yi sallama da ita ko da an wanke ta sau goma, domin roba tana riƙe abin da ta sha. Duron ƙarfe yana tsatsa da wuri a ruwan gishiri. Jan ƙarfe ya fi muni: ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya hallaka jatan lande da kaguwa da murjani.

Murfi wajibi ne. Yana tare ƙura da ƙwari, yana kuma hana ruwa ƙafewa. In ruwa ya ƙafe, gishirin bai tafi ko'ina ba, sai dai ragowar ruwan ya ƙara kaifi. Maganinsa a ƙara tataccen ruwa zalla. A kuma ajiye duron a inuwa mai sanyi. Haske yana kawo gansakuka, zafi kuma yana sa kalsiyam ya manne a jikin duro. Shi ya sa barin na'urar ɗumama ruwa a kunne cikin duro mako da mako asarar wuta ce da asarar sinadari.

Ruwan da aka rufe da kyau yakan yi makonni bai lalace ba. Sai dai akwai gishirin da aka ƙara wa bitamin, akwai kuma wanda aka cika wa kalsiyam domin murjani. Irin waɗannan ba su jure dogon zama, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin buhu.

Ranar canjin ruwa, a kunna famfo ya juya ruwan ya sha iska. A daidaita ɗuminsa da na akwatin, wato digiri 24 zuwa 26 ga kifayen teku mai ɗumi. Sannan a ɗiga digo biyu a kan na'urar auna gishiri, a duba ko ta nuna 1.025 ko 1.026. In ruwan yana wari, ko ya yi yauƙi a hannu, a zubar da shi, a wanke duron da ruwa zalla ba sabulu, a haɗa wani.