Yadda Ake Sayar da Motar Ƙwanji ta Hannu a Amurka Ba Tare da Dillali Ba

Motar ƙwanji ƙirar Amurka ce ta asali: ƙofa biyu, ƙaton inji mai silinda takwas a gaba, ƙarfinsa kuma yana sauka kan tayoyin baya. Akan fara ƙirga tarihinta daga Pontiac GTO ta 1964, shekarar da Ford Mustang ma ta fito, sannan Dodge Charger da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger suka biyo baya. Tsadar inshora da dokokin hana gurɓata iska da ƙarancin man fetur na 1973 suka durƙusar da zangon farko, kafin kamfanonin su farfaɗo da ita daga baya. A ƙarshen 2023 aka daina ƙera Camaro da Challenger, don haka mai son su yau mafi yawa sai ya nemi ta hannu. Wanda ya riƙe tasa da kyau yana da haja mai daraja ke nan. Amma ra'ayina shi ne, kulawar da ya yi mata ba za ta ƙara masa ko dala ɗaya ba sai ya iya tabbatar da ita ga baƙon da bai taɓa ganinsa ba. Duk matakan sayarwar suna komawa ga wannan.

Dalilin kuwa sananne ne. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayani cewa a kasuwar motocin hannu mai sayarwa ya san lafiyar motarsa, mai saye bai sani ba, saboda haka mai saye yakan taya kowace mota da farashin matsakaiciya, mai kyakkyawar ya cutu. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Zargin ya fi tsanani a kan motar ƙwanji, domin kowa ya san abin da ake sayenta a yi: tsere, fizga daga tsaye, murza tayoyi har su yi hayaƙi. Mai saye yana zuwa da tunanin cewa an gallaza wa injin da giyar, kuma ba ya son cinikin biri a sama. Aikin mai sayarwa shi ne ya kawar da wannan zargi da hujja.

Matakin farko shi ne tara takardu, tun kafin a wanke motar. A fito da takardar mallaka, a duba ko sunan banki na kanta. In akwai sauran bashi, a nemi bankin ya faɗi adadin da za a biya a warware shi, domin ba a miƙa mallaka da bashi a kai. A jera rasidan canjin baƙin mai da birki da taya da duk wani gyara bisa kwanan wata. A ɗauki lambar shaidar motar, wadda tun 1981 take da haruffa da lambobi 17, a sayi rahoton tarihinta daga Carfax ko AutoCheck, a karanta shi kafin mai saye ya karanta. Masu shigo da motoci daga Amurka ta Legas ko Kwatano sun san amfanin wannan lamba, don da ita ake gane motar da ta yi hatsari ko ambaliya ta cinye. In tsohuwa ce ta shekarun 1960 ko 1970, babbar tambayar ita ce ko injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta. Lambobin da aka buga a jikin injin ne ke amsawa, kuma masu Ford sukan haɗa da rahoton Marti, wanda ke nuna launi da kayan da aka ƙera motar da su.

Mataki na biyu, a kai ta wurin makanike mai zaman kansa ya duba ta ciki da waje ya rubuta abin da ya gani. Ƙananan abubuwa a gyara su: fitilar da ta mutu, ɗigon mai, fitilar gargaɗi da ke kunne. Manya kuwa, kamar tsatsa a ƙasan jiki ko wurin da aka sake fenti, a bayyana su. A nan wasu za su ce mai hankali ba ya tona asirin hajarsa, kuma tun da a yawancin jihohi ana sayar da mota tsakanin mutum da mutum a halin da take, me ya kai shi? Amsar ita ce mai sayen irin wannan mota yakan zo da nasa makaniken, wani har da na'urar auna kaurin fenti. Aibin da mai mota ya faɗa da bakinsa kuɗin gyaransa kawai ake ragewa. Wanda mai saye ya gano da kansa kuwa yakan sa ya daina yarda da duk sauran maganar, ya karya farashin gaba ɗaya ko ya tafi. Ban da haka, sayarwa a halin da take ba ta kare wanda ya yi ƙarya da gangan a gaban kotu. Haka batun ƙare-ƙare: in an canza salansa ko an taɓa kwamfutar injin don ƙarin ƙarfi, a faɗa, a haɗa wa mai saye kayan asali in suna nan. Kuɗin da aka kashe a kan irin wannan kwaskwarima ba kasafai yake dawowa ba, cire na'urar tace hayaƙi kuma saɓa wa dokar tarayya ne.

Na uku shi ne yanke farashi. Kelley Blue Book da Edmunds suna ba da kimar sababbin ƙira, Hagerty kuma ta tsofaffi. Sai dai abin da ya fi duka shi ne farashin da aka sallama motoci irinta, ba wanda masu su suka nema ba, kuma shafukan gwanjo irin su Bring a Trailer da Cars & Bids suna barin sakamakon cinikinsu a fili. A kwatanta shekara da nau'in inji da irin giya da yawan mil. Mustang mai silinda huɗu da mai takwas suna da kama a ido, amma kasuwarsu daban. A ɗora kaɗan don ciniki, a kuma san adadin da ƙasa da shi sai a ce albarka.

Na huɗu, talla. Hotuna masu yawa da hasken rana, har da ƙarƙashin mota da cikin bonet da kujerun da suka goge da lambar da ke gefen taya mai nuna mako da shekarar ƙera ta. A ɗauki bidiyon tayar da injin da safe yana sanyi, don a lokacin ne hayaƙi ko ƙarar da ba ta dace ba ke fitowa. A rubuta tarihin motar a taƙaice ba tare da zuzutawa ba, a rufe adireshin gida a duk takardar da aka nuna.

Na biyar, haɗuwa da gwajin tuƙi. A fara magana ta waya, a haɗu da rana a wurin jama'a. Ofisoshin 'yan sanda da dama a Amurka sun keɓe fili don irin wannan ciniki. A ga lasisin tuƙi da shaidar inshora, kuma mai mota ya zauna a ciki. Wasu ba saye ya kawo su ba, ɗanɗana ƙarfin motar kawai suke so, shi ya sa ba laifi a nemi shaidar cewa kuɗin na nan. Challenger Hellcat ta 2015 tana da ƙarfin doki 707 in an tayar da ita da jan makulli, baƙin makullin kuma yana tsayar da ita a 500. Baƙin ake ba baƙo.

Na shida, karɓar kuɗi, inda aka fi yin asara. Banki yakan sakar wa mutum kuɗin cek kafin a tabbatar da ingancinsa, sai bayan makonni a gano na jabu ne a cire kuɗin, mota kuma ta tafi. Wanda ya aiko da fiye da farashi ya ce a mayar masa da ragowar, ɗan damfara ne. Hanya mafi aminci ita ce a je bankin mai saye tare, a ga an fitar da cek ɗin ko an tura kuɗin, ko a bi ta kamfanin riƙon amana irin Escrow.com. Sai kuɗi sun tabbata a sa hannu a takardar mallaka, a rubuta takardar ciniki kowa ya riƙe kwafi, a bayyana adadin mil, wanda dokar tarayya ta wajabta na tsawon shekara 20 ga motocin 2011 zuwa sama. Sannan a sanar da hukumar motoci ta jiha. A Kalifoniya cikin kwana 5 ake yi, don kada tarar sabon mai motar ko hatsarinsa ya faɗo kan tsohon. Bayan haka a soke inshora.

Saura ƙorafi mafi ƙarfi: duk wannan wahala ce, ga dilan motoci zai biya yau. Gaskiya ne, har ma a yawancin jihohi wanda ya ba da tsohuwa ya ɗauki sabuwa a wurin dila harajin cikon kuɗin kawai yake biya, kuma ya kamata a sa wannan a lissafi. Ga motar da ta sha wuya, hanyar dila ta fi. Amma dila yana saye ne don ya sayar da riba, kuma da wuya ya biya kuɗin shekarun kulawa. Wanda zai biya shi ne mai sha'awar da zai zauna ya karanta rasidan ɗaya bayan ɗaya. Mai kyakkyawar mota shi ya fi kowa asara in ya bari aka yi mata kuɗin goro da sauran, don haka shi ya fi cancanta ya jure wahalar neman wannan mutum.